Shirun Iya

Takur, Dutse
4 ga Oktoba, 2000

Zuwa ga Yaya Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Zinariya da yara, ina kuma fatan an kai gero gida lafiya. Gaisuwar na yi ta ne don haka aka tarbiyyantar da mu, amma raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Jiya na taso daga makaranta da ƙullin yalo a hannu, don shi kaɗai ne yake zama a cikin Iya, na tarar da ɗaki wayam. Babu tabarma, babu buta, babu carbi. Maƙwabciyata ce ta leƙo ta katanga ta ce ai yayanki ya zo da mota shi da wani dattijo, sun tafi da tsohuwa. Wato kai da Baffa Jaji kun bari sai da na shiga aji, maigidana ya tafi ofis, sannan kuka shigo mini gida kuka ɗauke uwata kamar buhun da aka ba ni ajiya.

Tunda ba ka tsaya ka ji komai ba, to ga shi a rubuce. Ka san baƙin tabon nan na diddigen Iya. Shekara da shekaru yana ƙarƙashin lalle, ita kuwa ƙafarta ba ta rabo da ƙunshi, babu wanda ya lura yana ƙara faɗi. Da ya fara damunta kuka kira wanzami ya yanke, ya dawo, ya sake yankewa, ya zama gyambo. Da na kai ta babban asibiti a Kano aka ɗebi naman wurin aka auna. Likita ya ce sankarar fata ce, irin wadda take farawa da baƙin tabo, kuma ta riga ta bar ƙafa ta hau sama. Yanka ba zai cim mata ba yanzu. Shi ya sa suka ɗora ta a kan haɗin magani: kala uku ta ƙarin ruwa duk bayan mako uku, da ƙwaya ɗaya da take sha kullum. Ya ce an haɗa su ne don kowanne ta gefensa yake kama ciwon, kuma ba a so a tsallake lokaci. An yi mata sau biyu. Na uku ranar Laraba ne, sha takwas ga wata.

Ba zan yi maka ƙarya in ce ya yi alkawarin warkewa ba. Cewa ya yi a jikin wasu haɗin yakan danne ciwon su sami sauƙi na wani lokaci, a jikin wasu kuma ba ya yin komai. A jikin Iya ya fara yi. Ni da nake mata wanka na gani.

Ka dawo da ita kafin ranar. In mota ce matsala, za a aiko muku daga nan. Ka gaida Iya, a ce mata yalonta yana nan.

Wassalam.
Ƙanwarka,
Ikilima

Taura
9 ga Oktoba, 2000

Zuwa ga Ikilima,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki Malam Zaharadeen, ina sanar da ke takardarki ta iso ta hannun direba. Na karanta, na kuma karanta wa Baffa Jaji. Ya ce in gaya miki bai taɓa jin an yi wa ɗa gorin ɗaukar uwarsa ba sai a bakin 'yan boko.

Kin cika takarda da bayani, amma kalma ɗaya kika yi ta kewayewa. Sankarar fata, in ji ki. Daji ne, Ikilima. Wata biyu kina ce mana gyambo ne ake wankewa, ashe daji ne ake tsikara da allura. Kuma ba daga bakinki muka ji ba. Wani ɗan garin nan da ya kai matarsa asibitin ne ya ga ɗakin da ake kwantar da Iya, ya zo ya yi mini jaje a ƙofar masallaci, ni ina tsaye kamar baƙo a maganar uwata. Kin ɓoye ne don kin san abin da kowa ya sani, yaro da babba, cewa daji ba ya son ƙarfe. Da allura ta taɓa shi sai ya harzuƙa ya bazu. Gwaggo da ta raine ni, da ciwon nono aka kai ta asibiti aka yi mata allura, ba ta ga wata damina ba. Da hannuna na sa ta a kabari.

Kin ce magani ya fara aiki. Ni ga abin da idona ya gani. Tsohuwar da take surfa geronta da kanta, na same ta ba ta iya ɗaga buta. Ta rame, ta yi baƙi, leɓenta duk ya fashe. Da Zinariya ta zauna za ta yi mata kitso, gashin ne ya biyo hannunta, sai da ta fito tsakar gida tana kuka. In wannan ne sauƙi, Allah ya raba mu da shi. Ke da kanki kin rubuta cewa likitan bai yi alkawarin warkewa ba. To azabar ta mece ce?

Ban kuma ɗauke ta da ƙarfi ba. A gaban Baffa na durƙusa a bakin ƙofa na ce, Iya, mun zo mu tafi da ke gida, in akwai magana ki faɗa. Ta juya fuska bango ta yi shiru. Na maimaita, ta yi shiru, ta jawo mayafinta. Wanda ba ya so ai yakan ce a'a.

Ba mu yar da maganinku duka ba. Ƙwayar dai Iya tana shan ta kullum bayan ta karya, tunda ita ba ƙarfe ba ce. Ga kuma Malam Nata'ala yana ba da na shafawa da na sha, shi da ya gaji maganin daji wajen kakansa. Kin ga an haɗa ke nan, tunda haɗi kike so.

Tun da Baba ya rasu nauyin gidan nan a wuyana yake, kuma ni za a tambaya gobe ƙiyama. Iya tana ɗakinta. Mai son ganinta, ƙofa a buɗe take.

Ki gaida maigidanki da yara. Wassalam.
Yayanki,
Ɗayyabu

Takur, Dutse
19 ga Oktoba, 2000

Yaya Ɗayyabu,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa.

Jiya Laraba ce. Gadon da aka ajiye wa Iya wani aka ba. Maigidana ya je Kano ya ba likita haƙuri, da likita ya tambaye shi ina mara lafiya sai ya kama kame-kame, don bakinsa ya yi masa nauyi ya ce ɗanta ne ya hana.

Ka ce ƙofa a buɗe take. Na zo ranar Lahadi kana kasuwar Gujungu wajen awon wake, ka bar mini Baffa a zaure kamar mai gadi. Ya ce in dai da niyyar ɗaukarta na zo, sai dai in taka rawaninsa in wuce. Na shiga ni kaɗai, mota tana waje tana jira, haka ta koma Dutse da ni kaɗai.

Eh, na ɓoye sunan ciwon. Da za a sake ma zan sake ɓoyewa, don ga abin da jin sunan ya jawo. Gwaggo kuwa, Allah ya ji ƙanta, shekara biyu ana shafe-shafe a ɗaki, sai da wari ya hana mutane shiga sannan aka kai ta. Allurar da kake zargi ta rage zafi ce. Ina wurin, ni na riƙe mata hannu.

Ƙwayar da kake alfahari da ita, ita kaɗai ba za ta yi aikin ba. Ɗaya ce cikin huɗu, kuma ita ce ƙarama. Kamar ka zuba wa mutum gishiri a tafin hannu ne ka ce ka ba shi miya.

Yanzu maganar shirun. Yaya, ka haura arba'in, yaushe Iya ta taɓa ba ka amsa? Kai ne ɗan fari. Ba ta taɓa kama sunanka ba, "wancan na Gwaggo" take cewa. Ba ta taɓa cin abinci kana wurin ba. In ka shigo gaisuwa bango take kallo, ko da lafiyarta ƙalau. Ranar ɗaurin aurenka ma bayan rumbu ta ɓuya. Duk garin nan ana yabon kunyarta, kai ma kana tinƙaho da ita, kana cewa uwarka Bafillatanar asali ce. Sai yau rana tsaka shirun da take yi maka tun kana cikin zani ya zama amsa? Kuma a gaban ƙanin mijinta?

Ka ce ka faɗi abin da idonka ya gani. Akwai inda idonka ba zai taɓa gani ba. Kaluluwar da ta fito mata a matsematsi ta kai ƙwan agwagwa kafin a fara ruwan nan, ko tsugunno ba ta iya yi. Bayan na biyu ta koma kamar goro, har ta yi sallah a tsaye. Wannan za ta nuna maka? Ko da baki za ta faɗa maka? Ka gafarce ni da na rubuta irin wannan game da jikin uwarmu, kai ka kai ni.

Ranar Lahadin ina cuɗa mata baya a banɗaki na ce, Iya, kina so ki koma? Ta ce, "Ruwan nan da wuya, amma na ji daɗin ƙafata." Na ce to tashi mu fita ta ƙofar baya. Ta ce, "In fita a sace in bar shi da abin faɗa a gari? Sai dai in shi ya ce." Na ce to ki gaya masa mana. Ta ce, "Ke ma kin san ba zan iya ba."

Ga shi na gaya maka a madadinta. In ka ƙi ji, kotun shari'ar da aka buɗe ba don ɓarayin shanu kaɗai aka buɗe ta ba. Zan je in tambayi alƙali ko ɗa yana da ikon raba uwarsa da magani.

Ikilima

Taura
26 ga Oktoba, 2000

Zuwa ga Ikilima,

Bayan sallama da gaisuwa. Takardarki ta zo. Wannan ban karanta wa Baffa ba, don akwai abin da ba ya karantuwa a gaban manya, ban kuma san a wace makaranta aka koya miki rubuta shi ba.

Wadda ta yi wata biyu tana ce mini gyambo ne, yau ita ce za ta kawo mini saƙo daga banɗaki, babu shaida, ta ce in yarda? Na san ki tun kina rarrafe. In kina son abu, sai kowa ya zama ya ce yana so. Duk da haka ban yi watsi da maganar ba. Na sake zuwa bakin ƙofarta, babu Baffa, sai Zinariya a ciki tana mata fifita. Na ce, Iya, Ikilima ta ce na zalunce ki, na raba ki da magani, haka ne? Sai ta ce wa Zinariya, "Ki ce masa Allah ya yi masa albarka." Uwar da aka zalunta haka take cewa?

Ki je kotun. Ki tsaya gaban alƙali ki ce kin kawo ƙarar yayanki don ya ɗauke uwarsa daga inda gashinta yake zubewa. Ni kuma zan zo da dattawan Taura. Amma ki sani daga ranar babu ni babu ke.

Abu ɗaya ne zai sa in sa ta a mota: ta faɗa mini da bakinta, kunnena ya ji. Ban da wannan kada ki ƙara ɓata takarda.

Wassalam.
Ɗayyabu

Taura
21 ga Nuwamba, 2000

Zuwa ga Malama Ikilima,

Salamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ya yara, ya maigida, ya makaranta. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji huɗu na tsaya. Yayanki bai san na rubuto ba, matar direba ce za ta ba mijinta.

Na ji kin je har ƙofar kotu kin juyo, saboda saƙon da Iya ta aika miki cewa ba ta yafe ba in aka tsayar da shi gaban alƙali. Ta bakina saƙon ya fita daga gidan nan, kuma tun ranar nake jin haushin kaina.

Malama, jiki ba daɗi. Abin da kika ce ya koma goro yanzu ya fi da girma, kuma ya yi 'ya'ya. Baƙaƙen ƙuraje sun fito tun daga gwiwa har ciki kamar an watsa kanumfari. Sallah da a zaune take yi, yanzu a kishingiɗe. Maganin Malam Nata'ala in an shafa, ihu ne kawai ba ta yi, sai dai ta cije bakin zani. Gashi kam ya fara tsirowa. Na yi kuskuren faɗa wa yayanki, shi ke nan yanzu duk wanda ya shigo zaure sai ya ce masa sauƙi ya samu.

Na gaya masa sauran abin da nake gani wajen wanka. Ya ce ke kika saye ni da atamfa. Na ce to ya shigo ya duba da kansa, ya ce in ƙara faɗin haka in ga abin da zai biyo baya. Na koma wajen Iya na ce, Iya, don girman Allah, kalma ɗaya ce fa. Ta ce, "Tun da na haife shi ban buɗe baki a gabansa ba, sai yau don ina tsoron mutuwa? Me za a ce?" Na ce a ce mana, masu cewar su ne suke kwana da ciwon? Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Ni dai haushin kowa nake ji, har ita, Allah ya yafe mini. Shi yana zaure yana jira ta yi magana, ita tana ɗaki tana jira ya gane, ni ce a tsakiya da kwanon ruwan zafi. Ga azumi ya matso, ta kuma ce sai ta yi.

Ki zo ko ba za ki ɗauke ta ba, tana cigiyarki. Ki taho da abin wanke ciwo, auduga ta ƙare.

Ki huta lafiya.
Taki,
Zinariya

Taura
5 ga Disamba, 2000

Ikilima,

Assalamu alaikum, ya ibada. Ga Iya nan tare da Zinariya, direba zai sauke su a ƙofar gidanki. Ki kai ta Kano gobe.

Jiya bayan la'asar ina zaure da Baffa da masu yi mini sussukar dawa, ana taɓa hira kafin a sha ruwa. Sai na ji motsi a bayan ƙyaure, na ɗauka akuya ce. Ashe Iya ce. Daga ɗakinta ta jawo jiki a ƙasa har bakin zaure, ƙafar tana biye da ita, duk ta bar sawu a tsakar gida. Ta kama ƙyauren ta ɗago kai ta dube ni ido cikin ido. Ban taɓa ganin cikin idanunta ba sai jiya, kuma sun yi ruwan ɗorawa.

Ta ce, "Ɗayyabu."

Na waiga ina neman mai kirana, don ban san muryar da sunana a cikinta ba.

Ta ce, "Ka mai da ni wajen ruwan nan. Ina so. Tun ranar da ka zo ina so."

Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kifa kai a jikin ƙyaure. Masu aiki suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Baffa ya fara cewa ai ciwo ne ya taɓa mata kai, na ce, Baffa, don Allah ka tafi gida. Ban taɓa gaya masa haka ba. Ni na ɗauke ta na mai da ita ɗaki, ba ta kai nauyin damin gero ba.

Kada ki ɗauka na ce kin yi daidai. Da kin gaya mini gaskiya tun farko, kin kai ni gaban likitan na yi masa tambayoyina, da wataƙila ba mu kai nan ba. Har yanzu kuma zuciyata ba ta kwanta da allurar nan ba. Amma na ce in ta faɗa zan yi, ta kuma faɗa, ta hanyar da ban so a ce ta faɗa ba. Ina jin haushinki, ina jin haushin duk wanda ya taɓa yaba mata wannan kunya a gabana.

Ban biyo su ba. Tun jiya in ta ji takuna sai ta rufe fuska ta kama kuka, tana ce wa Zinariya wai ta zubar da mutuncin kanta a gaban maza. Gara ta yi tafiyar ba ni. Ki ce wa likitan a ba ta duka huɗun, kada a rage ko ɗaya.

Wassalam.
Yayanki,
Ɗayyabu

Takur, Dutse
8 ga Disamba, 2000

Yaya,

Salamu alaikum. Mun je, mun dawo.

Likita ya auna jini, ya duba ciki. Ya ce ciwon ya kai hanta, kuma jikinta ba zai ɗauki ruwan ba yanzu, ko ɗaya daga ciki, balle haɗin. Ƙwayar ma ya ce a bari. Na rage zafi kawai ya rubuta. Na tambaye shi da an zo a kan lokaci fa, ya ce Allah ne masani. 

Iya ba ta tambayi abin da ya ce ba. Da muka iso gida sai ta ce in rubuto maka ka zo, kuma in ka zo kada ka tsaya a bakin ƙofa, ka shigo ciki ka zauna, tana da magana da yawa.

Na rubuta don ta ce in rubuta. Ni ban huce ba, ban kuma san ranar hucewa ba. Ka taho gobe, kada ka jira a gama sussuka.

Ƙanwarka,
Ikilima